Kwana nawa magani ke yi a jikin doki kafin gwaji ya daina ganinsa?

Sagiru, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena, masana dawaki da likitocin dabbobi. Shekara shida ke nan ina kula da bargar kawuna a nan Kaduna, inda muke da dawaki bakwai: huɗu na Arewa waɗanda ake kai wa Zariya hawan Sallah, uku kuma 'yan Ajantina da ake buga ƙwallon dawaki da su. A cikin ukun nan akwai wata goɗiya da ta fi sauran ƙafa da jin linzami, kuma a kanta tambayata take.

Ranar Talatar da ta wuce ta dawo daga kilisa tana ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, da na shafa bayan ƙwaurin sai na ji zafi da ɗan kumburi a kan jijiyar. Likitan da muka kira ya yi mata allurar fenilbutazon, wanda masu dawaki ke taƙaita sunansa su ce biyut, sannan ya bar mana garinsa muka riƙa zuba mata a dusa safe da yamma har kwana biyar. Jiya ta ci na ƙarshe, yau kuma ta taka ƙafar kamar babu abin da ya taɓa samunta. To, an gayyaci kawu wata gasa da za a yi nan da kwana 11, kuma takardar gayyatar ta ce masu shirya gasar suna da ikon ɗaukar jini ko fitsarin duk dokin da suka ga dama domin a gwada.

Allah ya sani ba hanyar kauce wa gwaji nake nema ba, tsoro nake kada sunan kawu ya ɓaci a kan maganin da aka bayar domin ciwo. Ina so a fahimtar da ni kwanakin da wannan magani ke yi kafin ya fita daga jikinta, da kuma yadda ake gane shi a fitsari bayan jiki ya riga ya sarrafa shi. Sannan muna ba dawakinmu kanwa kamar yadda muka tarar, kuma akwai wani dattijo a bargarmu da ke ɓantara wa ingarma goro kafin sukuwa. Shin waɗannan ma suna iya fitowa a gwaji?

Dokta Hadiza, likitar dabbobi

Wa alaikumus salam, Malam Sagiru. Zan ba ka adadin kwanakin, amma ka yi haƙuri in biyo ta hanta tukuna, domin wanda bai san aikin da take yi ba zai riƙe adadin kamar wata ƙa'ida mara canzawa, kuma a nan ne mutane da yawa suka faɗa rami.

Yawancin magungunan da muke ba doki sun fi son maiƙo a kan ruwa, wannan ne ma ya sa suke iya ratsa bangon hanji su shiga jini. Ita kuwa ƙoda ruwa take fitarwa, don haka abin da ke son maiƙo idan ya iso gare ta sai ya sulale ya sake komawa cikin jini. Dole ke nan hanta ta sauya masa kama kafin ya fita. A matakin farko wasu sinadarai na hanta da ake kira saitokurom P450 suna liƙa wa maganin oksijin ko su gutsure wani sashe nasa, a mataki na biyu kuma sai a ɗaura masa wani abu dangin sukari ko dangin farar wuta, wanda zai sa ya narke a ruwa ya bi fitsari. Biyut idan ya bi ta hanta yakan koma oksifenbutazon, wanda shi ma yana kashe zafi da kumburi, kuma shi ma ana nemansa a gwaji.

A jikin doki rabin biyut ɗin da ke cikin jini yakan fita cikin kamar sa'o'i huɗu zuwa takwas, gwargwadon yawan da aka ba shi, domin idan aka yawaita hanta takan gaza bin sawunsa. A jikin mutum sai ya yi kusan kwana uku kafin rabin ya fita, a jaki kuma ya fi saurin fita a kan doki, shi ya sa ba a auna wa wata dabba magani da ma'aunin wata. Abin lura shi ne rabi-rabi yake fita. Ka ɗauka tulu ne ake kwashe rabin ruwan da ya rage a cikinsa kowane lokaci: bayan an kwasa sau goma, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin 1,024, amma tulun bai bushe ba. Amfanin maganin ga ciwo yakan ƙare cikin yini ɗaya ko ɗan fiye, amma ɓurɓushinsa yana nan kwanaki bayan haka.

Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda hedkwatarta ke Lozan a ƙasar Suwizalan, ta fitar da jerin lokutan da ake iya ganin wasu magunguna bayan an daina ba da su. Biyut sa'o'i 168 ne, wato kwana bakwai. Fuluniksin, wanda muke yawan yi wa doki idan cikinsa ya murɗa, sa'o'i 144 ne. Akwai allurar da ake yi a cikin gaɓa, metilfirednisolon, wadda take kaiwa kwana 28 idan an yi mai yawa. Sai dai waɗannan alƙaluma an samo su ne daga dawaki ƙalilan masu lafiya, waɗanda aka auna musu magani daidai nauyinsu, aka kuma lura da abin da suke ci. Saboda haka hukumar da kanta ta ce likita ya ƙara wasu kwanaki a kai kafin ya ce doki ya shiga gasa, kuma kawunka ba shi da hujja idan ya ce ai ya ƙirga kwana bakwai.

Dalilan ƙarin suna cikin barga. Garin biyut yana maƙalewa a jikin busasshiyar ciyawa da harawa, sai wani kaso nasa ya ƙi shiga jini har sai abincin ya isa babban hanji ya ruɓe, wato sa'o'i da yawa bayan an ci. Fitsarin dokin da ke cin ciyawa yana da kanwa-kanwa, amma bayan gudu mai tsanani yakan koma mai tsami, kuma wannan sauyi yana canza saurin fitar wasu magunguna. Dokin da ya sha zafin bazara bai sha ruwa sosai ba, ƙodarsa ba za ta yi aiki kamar ta ɗan'uwansa ba. Akwai kuma abin da ba kowa ke tunawa da shi ba: doki yakan yi fitsari a kan shimfiɗarsa, ya dawo ya ci ciyawar da ta jiƙe, sai maganin da ya fita ya sake shiga. An tabbatar da wannan musamman a kan fuluniksin. Don haka yau ɗin nan ka kwashe shimfiɗar goɗiyar gaba ɗaya, ka wanke kwanon dusarta da bokitin ruwanta, kada kuma wani doki ya ci a cikinsu.

A lissafi dai kwana 11 zai iya isa. Amma ƙanena, abin da ya fi damuna a rubutunka shi ne zafi da kumburin da ka ji a bayan ƙwauri. Tafiyar da ta yi yau lafiya ƙalau ba shaida ba ce, domin har yanzu akwai magani a jininta. Idan jijiyar nan ce ta yage, ko da kaɗan ne, warkewarta watanni take ɗauka, sau da yawa shida zuwa shekara guda, kuma naman da ke maye gurbin wanda ya yage bai kai na asali ƙwari ba. Cuka ɗaya, wato zagaye ɗaya na wasan ƙwallon dawaki, minti bakwai ne na gudu da tsayawa farat ɗaya da juyawa a kan ƙafafun gaba. Babban dalilin da ya sa aka hana maganin kashe zafi a ranar gasa ke nan: ciwo shi ne ke gaya wa doki ya sassauta, idan aka toshe masa shi zai taka da dukkan ƙarfinsa har jijiyar ta tsinke, mahayi kuma yana kai.

Baba Tanko, Tudun Wada

Ɗana Sagiru, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata. Jikana ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Na fi shekara arba'in a turken doki, kuma a kan jijiya ina bayan Dokta ɗari bisa ɗari. A zamaninmu idan doki ya yi irin wannan, ruwan sanyi muke kwarara wa ƙafar safe da yamma, a sauke masa sirdi, a bar shi ya huta har damina ta wuce. Wanda ya yi gaggawa yakan rasa dokin ne ɗungurungum, na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Inda nake da ja shi ne batun kanwa. Iyayenmu da kakanninmu sun ba doki kanwa domin ta gyara masa ciki, ta sa shi shan ruwa, ta buɗe masa cin abinci, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan maguɗi. Idan yau wata na'ura a ƙasar Turawa za ta ce mai ba da kanwa ɓarawon gasa ne, to ina ganin dokar ce ba ta san dokinmu ba. Ina so masana su yi mini bayani a kan wannan, domin ban yarda a ɗora wa al'adar kirki laifi ba.

Goro kuwa ban taɓa ba dokina ba, kuma ka gaya wa dattijon bargarku in ji ni ya daina. Abin da nake ƙara ja maka kunne a kai shi ne harawa da ciyawar da kuke saye a ɗaure. Ka riƙa kwance dami kana dubawa, saboda zaƙami yana fitowa a gefen gonaki da juji, kuma masu yanka ba duka ne suke tsince shi ba. Dokin da ya ci shi za ka ga idonsa ya buɗe, bakinsa ya bushe, cikinsa ya tsaya.

Malam Isiyaku, mai aikin gwajin sinadarai

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku a kan kanwa tana da tushe, kuma ina ganin idan aka duba yadda dokar take za a samu ba ta yi karo da ku ba. Kanwa tana ɗauke da sinadarin nan na soda da ake sa wa burodi, tare da wani ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi. Masu maguɗi a ƙasashen da ake tseren kuɗi sun gano cewa idan aka ɗura wa doki soda mai yawa ta hanci 'yan sa'o'i kafin tsere, tana rage tsamin da gudu ke tarawa a jini, sai gajiya ta yi jinkirin kama shi. Tun da jinin kowane doki yana da wannan sinadari daga Allah, ba a ce kada a gan shi ba, iyaka aka sa: milimol 36 a kowace lita ta ruwan jini. Dokin da ake ba ɗan abin da aka saba a ranakun hutu ba shi ake nema ba. Hatsarin yana ga wanda zai jiƙa kanwa mai yawa ya ba doki a safiyar gasa, kuma tun da ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan dutse zuwa wancan, shawarata ga Sagiru ita ce ya ɗaga ta kwana biyu kafin wasa. Irin wannan iyaka aka sa wa sinadarin salisilik, dangin asfirin, saboda yana cikin wasu ciyayi da doki ke ci.

Goro yana da kafeyin da tiyoburomin, dukansu kuma ana nemansu, domin suna zaburar da zuciya da ƙwaƙwalwa. Zaƙamin da Baba ya ambata yana da atirofin da sikofolamin. A shekarar 2018 an samu sikofolamin a jikin Justify, dokin da ya zo ya ci manyan tsere uku na Amurka a wannan shekara, kuma aka danganta abin da wani ɗan'uwan zaƙami da ya shiga abincin dawaki. A 2014 an samu mofin a jikin Estimate, goɗiyar Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ta hanyar abincin da ya gurɓata, kuma duk da an yarda babu wanda ya yi da gangan, sai da aka ƙwace matsayi na biyu da ta zo a tseren Kofin Zinare na Askot. Ƙa'idar ke nan: abin da aka samu a jikin doki ya isa a soke sakamako, niyya kuma sai wajen sassauta hukunci ake dubanta.

Game da yadda ake gani, Sagiru, sana'ar ta daɗe. Hukumar tseren Ingila ta haramta ba doki ƙwaya a 1903, kuma wajen 1910 wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Folan, Alfons Bukowski, ya nuna ana iya gano irin waɗannan abubuwa a yawun doki. Yau jini da fitsari ake ɗauka a gaban mai doki ko wakilinsa, a raba gida biyu, a rufe da hatimi, a sa lamba maimakon suna domin mai gwaji kada ya san na wane ne. Kwalba ta farko ake gwadawa, ta biyu kuma tana ajiye, idan mai doki ya musa a buɗe ta. A ɗakin gwaji mukan fara da zuba wa fitsarin wani sinadari da ke kwance abin da hanta ta ɗaura, wato mu warware aikin da Dokta ta bayyana. Daga nan sai a tura shi ta cikin wani siririn bututu da ke jera abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacin fitowarsa, sannan wata na'ura ta farfasa kowane ɗaya ta auna nauyin gutsattsarinsa. Yadda kowane magani ke farfashewa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa. Sau da yawa ma ba maganin muke gani ba, abin da hanta ta mayar da shi muke gani, kuma wannan ya fi ƙarfin hujja, domin yana nuna maganin ya bi ta cikin dokin, ba a kwalba ya faɗa ba.

Don ka san kaifin na'urorin, Medina Spirit, dokin da ya zo na ɗaya a tseren Kentaki Dabi na 2021, an samu fikogiram 21 na betametazon, wani maganin kumburi, a kowace mililita ta jininsa, fikogiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram, kuma an ƙwace nasarar a 2022. Wannan magani dai shi ne ya sa Jamus ta rasa zinaren tsallaken shinge na ƙungiya a gasar Olamfik ta 2004 a Atina, bayan an same shi a jikin dokin Ludger Beerbaum, wanda ya ce daga man shafawa ne. A Olamfik ta 2008 kuma, da aka yi wasannin dawaki a Hong Kong, sinadarin da ke sa barkono yaji ne ya raba ƙasar Norwe da tagullarta. Saboda wannan kaifi ne hukumomi suka sa wa magungunan jinya na yau da kullum wani ma'auni, wanda abin da bai kai shi ba ba a kai rahotonsa, amma magungunan gina tsoka ba su da wannan rangwame, kuma su har a gashin geza da wutsiya ana gano su bayan watanni.

Abu biyu zan ƙara. Allurar fenisilin mai kauri da ake yawan yi a bargoginmu tana haɗe da furoken, wanda maganin kashe zafi ne, kuma yana iya yin makonni yana fita a fitsari. Sannan duk wanda ke aiki a barga yana shan magani, ko na likita ne ko tiramadol, kada ya yi fitsari a ɗakin doki, kuma ya wanke hannu kafin ya dama dusa.

Sagiru, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, saƙonku ya isa ga dattijon, kuma na kwance dami uku na duba. Na canza shimfiɗar, na kuma karanta wa kawu maganar Dokta a kan jijiya, ya yi shiru, daga baya ya ce a bar goɗiyar a turke har a duba ta. Sauran biyun ne za su je. Amma wani abokinsa ya kawo wata kwalba mara takarda a jiki, ya ce allurar ƙarin jini ce da bitamin, kuma ba ta fitowa a gwaji. Dokta, me za ki ce a kai?

Dokta Hadiza, likitar dabbobi

Kada allurar nan ta taɓa jikin dokinku, Malam Sagiru, kuma ka gaya wa kawunka ni na ce. A watan Afrilun 2009, dawakin ƙwallo 21 na ƙungiyar Lechuza Caracas sun mutu cikin 'yan sa'o'i a garin Welintin na jihar Fulorida, gab da wasansu a babbar gasar Amurka, bayan an yi musu allurar bitamin da aka haɗa da seleniyam fiye da ƙima bisa kuskure. Wannan kuwa a kantin haɗa magunguna aka yi ta, da takardar likita, balle kwalbar da ba a san mahaɗinta ba. Irin waɗannan allurai na ƙarin jini sukan ƙunshi kobal, wanda shi ma an sa masa iyaka a jini da fitsari, don haka cewa ba ta fitowa a gwaji magana ce da mai kwalbar ba zai iya tabbatarwa ba.

Ga dawaki biyun da za su je, ka tambayi masu shirya gasar a rubuce wane jerin haramtattun magunguna suke bi. Ƙwallon dawaki ba ta ƙarƙashin FEI, tana da hukumominta, kuma a Amurka ana yarda da ɗan adadin biyut a jini wanda FEI ba za ta yarda da shi ba, don haka kada ka yi aiki da zato. Ka sayi littafi ka ajiye a barga, kowane doki da shafinsa, ka riƙa rubuta sunan magani da yawansa da ranar da aka bayar da sa'ar, likita kuma ya sa hannu, har da man shafawa da maganin tsutsa.

Ita kuwa goɗiyar, ka ci gaba da ruwan sanyi kamar yadda Baba ya ce, kada a hau ta, kuma ka tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko likitanku a kan a ɗauki hoton jijiyar da na'urar sikanin a cikin makon nan. Bayan kwana uku, lokacin da maganin ya sake ta, ka sa a ja ta da sassarfa a kan ƙasa mai tauri kana kallo daga gaba, idan kanta yana ɗagawa duk lokacin da ƙafar hagu ta sauka, ka rubuta wannan ma ka nuna wa likitan.